Gaisuwar da Sahura Ta Aika Tsibiri

Duwala, 8 ga Satumba, 2025

Zuwa ga uwargidana Sahura,

Bayan sallama, ina gaishe ki da kyau da kyau. Ina fatan kina lafiya, ke da ɗiyarmu Nusaiba da yaranta, da mutanen unguwa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwa? Hatsin gonar bayan dutsi ya fara nuna? Ni dai na sauka lafiya, sai gajiya. Kwana shida muna hanya, daga Ƙwanni zuwa Sakkwato, Kano, Yola, Garwa, sannan jirgin ƙasa. Ɗanki Luƙman ya tarye ni a tasha. Ya yi ƙiba har wuya ya ɓace, shagonsa kuma yana tafiya.

Da ya ga na ɗauki alƙalami sai ya kama dariya, wai in danna waya in yi magana kamar kowa. Na ƙi. Shekara talatin ina rubuta rahoto a aikin gandun daji, hannuna ya fi bakina iya tsara zance. Shi zai ɗauki hoton takardar ya tura wa Nusaiba ta karanta miki. Nusaiba, ki karanta duka, ban yarda ki tsallake ko layi ɗaya ba. Tunda kina ƙarama lokacin da abin ya faru, bari in faro daga tushe, ke ma ki san abin da ya fito da ubanki da furfurarsa zuwa ƙasar mutane.

Shekara goma sha biyar ke nan da na tsayar da wata babbar mota a shingenmu na bakin Dogon Dutsi, na sa anka sauke huhunan goro, na ga kwali yana motsi. Na zaci kaji ne. Ina buɗewa sai ga jinjirar gwaggon biri, gashinta baƙi ƙirin, ido zuru-zuru, igiya ta ci mata ƙugu. Ofishinmu ba keji, ba abincin ba ta. Shugabana ya ce in tafi da ita gida kwana biyu kafin takarda ta zo daga Yamai. Kwana biyun nan ne sunka zama shekara biyu.

Ke, Sahura, da farko cewa kinka yi ba za a shigo miki da ƙazanta ɗaki ba. Kafin la'asar na iske ki kina ba ta kunu da cokali. Kafin mako kin raɗa mata suna Mubarika, kin sa mata kwalli, kina goya ta da majanyi har kasuwa. 'Yan bori sunka riƙa leƙe ta katanga, wai doguwa ce ta shigo gari. Samarin masallacin kasuwa kuma sunka tare ni da wa'azi, wai matata ta mai da dabba ɗiya. Kinka ce duk su zo su same ki, wanda ya taɓa dama mata kunu shi kaɗai ke da bakin magana.

Sai ranar da kinka tafi ta'aziyya Tibiri, mutanen ƙungiyar kare namun daji sunka zo da mota da takarda sunka tafi da ita. Tun daga ranar, shekara goma sha uku, tuwonki bai fasa zuwa ba, ruwan wankana bai fasa ba, amma hirar da muke yi a gindin dogon yaro ta mutu. Na ce miki an kai ta wani tsibiri cikin 'yan'uwanta. Kinka ce ai tsibirin takarda kowa ya iya zana shi, ke kin san ta mutu a hanya. Gaskiya ni ma ban taɓa sanin wanda ke da gaskiya tsakaninmu ba, kuma abin yana cin raina.

Ban manta da abin da kinka faɗa mini a tashar mota ba. Kin ce in ta mutu kada in ɓoye, kuma in haka ne za ki tattara ki koma gidan yayanki a Kore Mairuwa, don kin gaji da kallon fuskata kina tuna ta. Na ji. Ban kuma manta ba kin karɓi wayata, kin juya mini baya, kin yi magana a ciki ƙasa-ƙasa, kinka miƙo mini kinka ce gaisuwarki ce in kai mata. Wallahi ban saurara ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi a cikin jirgin ƙasa, amma saƙon wani amana ne.

Garin nan kuwa ruwa ake yi kamar an huda sama. Jiya tun hantsi har magariba bai ɗauke ba, kuma ban ga wanda ya ce alhamdulillahi ba, sai tsaki suke yi. Na ce da za a ara mana na yini ɗaya a kai Arewa, da bana rumbu ya fashe. Gobe Luƙman zai raka ni kudu, bakin wani babban kogi, inda sansanin masu kula da biran yake.

Ki gai da kowa da kowa. Ki riƙa shafa maganin gwiwar nan ko da kina fushi da wanda ya sayo shi.

Maigidanki,
Maikano

Bakin kogi, 11 ga Satumba, 2025

Sahura,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kin tashi lafiya, yara ma haka. Ba zan ja miki rai ba: a takarda, Mubarika tana da rai. Na san amsar da za ki ba ni, don haka ki riƙe ta tukuna, gobe da safe zan gani da idona.

Shugabar wurin likitar dabbobi ce, mace, gajeruwa, ba ta da wasa ko kaɗan. Da faransanci munka yi magana. Ta ɗauko dosiyen takardun Mubarika ta buɗe, sai ga sa hannuna a shafin farko. Su a nan Dutsi suke kiran ta, saboda garin da ta fito. Likita ta ce a cikin birai ashirin da bakwai da ke hannunsu ba wadda ta ba su wahala kamarta. Da ta zo ba ta san ita biri ce ba. Tsoron sauran take ji, ba ta iya hawa itace mai tsawo ba, in an ba ta abinci a ƙasa sai ta kau da kai, sai an zuba a kwano. Shekara biyu anka yi kafin ta yarda ta kwana cikinsu. Na yi dariya na ce ai tarbiyyar matata ce. Likita ba ta yi dariya ba.

Yau da yamma an kai mu ƙaramin tsibiri inda matasansu suke. Mai tuƙa jirgin ruwan wani dattijo ne Bakabe, Rabilu, mutumin Argungu, sana'ar su ta kawo shi nan tun yana saurayi. Da ya ji hausata ya tambaye ni ko Ba'are ne ni, ɗan Arewar Dogon Dutsi, na ce e, munka rungume juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shi ya riƙa nuna mini abubuwa.

Sahura, gani ya kori ji! Kogin nan, in kina wannan gaɓa, mutumin da ke waccan kamar tururuwa yake. Tsibirin kuwa kurmi ne baƙi, itace bisa itace. Tun kafin mu iso sunka ji injin, kurmin ya ɗauki ihu har na dafe hulata. Ma'aikata sunka riƙa jefa musu gwanda da rake da ayaba daga cikin jirgi. Akwai wani mai haɗama da ya cika baki, ya cika hannu biyu, ya riƙe rake da ƙafa, sannan ya rasa yadda zai yi tafiya, ya zauna yana kuka. Na ce wanga kam na san irinsa a ofis. Wata kuma ta sa tsinke a ramin gara tana zarowa tana lashewa a natse, kamar mai cin dakuwa. Biyu sun yi faɗa har ƙura ta tashi, kafin mu juya jirgi sun zauna ɗaya yana duba wa ɗaya kai.

Na yi ta tambaya har Luƙman ya fara taka mini ƙafa. A ina suke kwana? Wai kowace yamma kowa zai lanƙwasa rassa ya yi sabon gado a sama, ba ya maimaita na jiya. Me ya cire wa wancan yatsu? Tarkon waya. Ina iyayensu? Nan Rabilu ya rage murya ya ce duk wanda na gani a nan maraya ne, don uwa ba ta sakin ɗanta sai an harbe ta. Shekara biyu Mubarika tana gidanmu ban taɓa tsayawa na yi tunanin uwarta ba.

Na kuma tambaya me ya hana su gudu, tunda ba shinge ba waya. Ashe duk ƙarfin nan nasu ba su iya ruwa ba. Jikinsu nauyi gare shi, in ruwa ya wuce kai sai ƙasa. Su ma sun sani, ba sa wuce inda ya kai musu gwiwa.

Dokokin wurin sun fi na bariki yawa. Ba a sauka a tsibiri, ba a miƙa hannu, baƙo ba ya jefa abinci, ba a kiran su. Ni kuma likita ta ƙara mini nawa na musamman. Ta ce gobe in zauna can bayan jirgi, in rufe bakina, kada Dutsi ta ji muryata, don ta sha wuya kafin ta bar neman mutane. Na ce to. Amma ban gaya mata zancen gaisuwarki ba. Ai ni anka hana magana, kuma ni ba zan yi magana ba. Yaya za a yi mutum ya ɗauko gaisuwa tun daga Arewa, ya ƙetare ƙasa biyu, ya ga mai ita da ido, sannan ya mayar da ita gida? Da wace fuska zan dube ki? Zan ɗan buɗe ta a hankali, yadda ba wanda zai damu.

Sauro a nan sun kai girman fara, ban ƙara gishiri ba. Ki yi mini addu'a.

Naki,
Maikano

Duwala, 13 ga Satumba, 2025

Uwargida Sahura,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Nusaiba, ki sa innarki ta zauna kafin ki fara.

Na gan ta. Tana da rai, lafiyarta lau. Ban gane ta ba sai da Rabilu ya nuna mini da haɓa. Ta zama ƙatuwa, faɗin bayanta ya fi nawa, fuskar nan mai haske ta yi baƙi. Ta fito daga kurmi a bayan sauran, ba ta hanzari, da wani ɗan ƙarami maƙale a bayanta. Ba ita ta haife shi ba, maraya ne da anka kawo bara ta karɓe shi, kuma wai shi ne na uku da ta rena. Ta zauna a kan wata saiwa a bakin ruwa, ta ɓare gwanda, ta fara ba shi kafin ta ci. Ta dubi jirginmu, idonta ya bi ta kaina ya wuce, ba ta san ni ba. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, duka a lokaci guda.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Likita tana gaba tana rubutu, na zaro waya na danna. Ashe Luƙman ya ƙure mini ƙarar tun a gida saboda kunnena. Muryarki ta tashi a kan ruwan nan tar, kamar kina tsaye cikin jirgin, kina kiran Mubarika 'yar Inna, kina tambayar ko ta ci abinci, kina cewa ta zo ga kununta ya huce.

Gwandar ta faɗi daga hannunta. Ta miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, gashin jikinta duk ya tashi, ta yi wani ɗan kuka siriri, irin wanda take yi in kin shiga wanka kin rufe ƙofa. Sannan ta sa hannu ta ciro yaron daga bayanta, ta ajiye shi a kan saiwar, ta shigo ruwa.

Sahura, ta wuce gwiwa. Ta wuce ciki. Ta ɗaga hannuwa sama tana tahowa, idonta a kan jirgin, tana neman ki cikin fuskokinmu. Likita tana ihu a kashe, ni kuwa ina kiciniyar kashewa har wayar ta suɓuce ta shige ƙarƙashin benci, muryarki tana ta kira. Kafin Luƙman ya lalubo ta ya kashe, ruwa ya kai mata ƙirji, kuma ba ta tsaya ba. Rabilu ya ce taku uku gabanta rami ne mai zurfin gaba biyu. In ya ja jirgi baya za ta biyo, in ya matsa kusa za ta kama gefe ta kifar da mu duka. Ma'aikata sunka yi ta jefa ayaba can tudu, ko kallo ba ta yi ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kin tuna tsawar da nake daka mata in ta nufi bakin rijiya, wadda kike cewa har kajinki tana firgitawa? Ita na daka mata da dukan ƙarfina, na ce ke, kul, koma! Ta tsaya cak, ruwa a wuyanta. A nan ta gane ni. Ta dube ni irin duban da take yi mini in na ɗauki tsumagiya, leɓenta yana rawa. Na sake daka mata. Ta ja da baya taku ɗaya, ta ƙara wani, har ta fita. Ta ɗauki yaron ta rungume, ta zauna ta ba mu baya, ruwa yana zuba daga jikinta. Har munka sha kwana ba ta waiwayo ba.

Likita ta wanke ni tas a gaban ɗana, kuma ta yi daidai. Ta ce na kusa kashe aikin shekara goma sha uku a minti biyu, kuma kada in sake taka sansaninsu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu saura maganar da ta fi wannan nauyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban taɓa gaya miki gaskiyar yadda anka ɗauke ta ba. Na ce miki sun zo ba zato, da umarni daga sama. Ƙarya na yi. Takardarsu ta yi wata biyar a cikin aljihun teburina ina ɓoyon ta saboda ke. Sai ranar da Mubarika ta ɗauki jinjirin maƙwabtanmu daga kan tabarma ta hau katanga da shi. Ke kin ce goyo take son yi, kuma gaskiyarki ne, jiya na ga shaida. Amma ni na ga yadda kan yaron yake lilo, kwana uku ban iya cin abinci ba. Ni na buga musu waya. Ni na zaɓi ranar da za ki tafi Tibiri, don na san in kina nan sai dai a bi ta kan gawarki. Ni na ɗauke ta na sa a keji da hannuna, tana riƙe da wuyan rigata.

Ban yi nadamar kai ta ba, ko yau aka sake zan kai ta. Abin da na yi nadama shi ne hana ki sallama da ita, da barin ki shekara goma sha uku kina makokin wadda ba ta mutu ba, don kawai ina tsoron bakinki. Kin ce in ta mutu za ki koma Kore Mairuwa. Ba ta mutu ba, amma ga abin da na yi, kuma ba zan riƙe ki da rabin gaskiya ba. In kin ce in dawo gida, zan taso ranar Laraba. In kin ce a'a, zan zauna nan in taya Luƙman tsaron shago har ki huce ko kada ki huce. Ina kewarki, wannan kuma ban taɓa iya faɗa da baki ba.

Ina jiran amsa.

Maikano

Dogon Dutsi, 15 ga Satumba, 2025

Malam,

Ina gaishe ka, ina gai da Luƙman da iyalinsa. Mu nan lafiya lau. Nusaiba ce ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Kai yanzu a ganinka asiri ka tona? Tun kafin in sauke mayafi daga Tibiri matar mai shagon kusa da ofishinku ta gaya mini a gabanta ka buga wayar. Duk Dogon Dutsi an sani. Kaza ma ta gidan nan ta sani. Ni jira nake ka buɗe baki ka faɗa, ka ƙi, kana ta kawo mini zancen umarni daga sama. Mutum da gemunsa sai da ya je ƙasar Kamaru sannan ya iya faɗin gaskiya, a takarda ma!

Na yi kuka jiya har maƙwabta sunka shigo suna tambayar wa ya rasu. Na ce ba kowa, ɗiyata ce aka gani. Sau huɗu na sa Nusaiba ta maimaita mini wurin da ta ba yaron gwanda kafin ta ci. Wurin ruwan kuwa sau ɗaya na ji, ba na son in ƙara. Tsawarka da na tsana duk zaman nan, yau na gode mata. Ka goge muryar nan daga wayarka, kada wani ya sake buɗe ta ko da wasa.

Ka taso Laraba. Hatsi ya nuna, tsuntsaye sun fi mu sani, ni kuma gwiwata ba ta kai ni gona. Maganar yafiya sai ka zo, ba a yin ta a waya, kuma kada ka zaci za ta zo maka da sauƙi.

Amma kafin ka taso, ko an hana ka shiga, ka koma ka tsaya a bakin ƙofarsu ka ba likitar nan haƙuri. Ka ce mata uwar ce ta aiko ka, laifin nawa ne. Sannan ka tambaye ta ko sun duba ta bayan ta fito, don ruwan sanyi bai taɓa karɓar yarinyar nan ba, yanzun nan sai mura ta kama ta. Kada ka dawo mini ba da amsar wannan ba.

Matarka,
Sahura